Likita da Filin Wasa: Yadda Sana'ar Ta Iso Ƙasar Hausa, Daga Wusasa Zuwa Dakoro

Tarihin aikin likita na zamani a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da tarihin makarantar kwana, domin ta ƙofarta sana'ar ta shigo, ita kuwa makarantar, musamman wadda Ingilishi suka tsara, duk inda ta sauka da filin wasanta take sauka. A ƙasashen da wannan makaranta ta kafu da wuri, ta fitar da wani irin mutum da jama'a suka sani a fuska biyu, wato likitan da yake duba marasa lafiya a ranakun aiki, ranar Asabar kuma dubban 'yan kallo su taru su ga wasansa. Ƙasar Hausa ta sami makarantar, ta sami wasannin, daga baya kuma ta sami likitocin, amma abubuwan uku ba su zo tare ba, ba su kuma sauka a hannun mutane ɗaya ba, kuma wannan rarrabuwa ce take bayyana dalilin da ya sa yanki kamar Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, ya daɗe yana jiran likitan da aka haifa a cikinsa.

Misalin da ya fi fitowa fili na likita ɗan wasa yana Ostiraliya ne, a birnin Melbourne, inda aka rubuta ƙa'idojin wata irin ƙwallon ƙafa ta ƙasar a 1859, wadda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, a kama ta da hannu a kuma buge ta da ƙafa. Tom Wills, wanda ya yi kira a kafa ƙungiyar wasan a 1858, ya yi haka ne don 'yan kurket su sami abin motsa jiki a lokacin sanyi, shi kuwa kurket wasa ne na ƙungiya biyu mai mutum 11 kowace, inda ɗaya yake jefa ƙwallo, ɗaya kuma yake kare wasu sanduna uku da faffaɗan katako. A 1862 Jami'ar Melbourne ta buɗe makarantar koyon likita ta farko a ƙasar, saboda haka filin kurket da filin ƙwallo da ɗakin karatun likita suka taso a gari ɗaya cikin shekaru kaɗan, suna ɗibar samari daga gidaje iri ɗaya. John Barrett ya buga wa South Melbourne ƙwallon ƙafa, ya bi tawagar kurket ta ƙasarsa zuwa Ingila a 1890, inda a filin Lord's ya shiga da farko ya tsaya har abokan wasansa duka suka fita yana da maki 67, sannan ya ƙare rayuwarsa yana likita, ya rasu a 1916 a Peak Hill, wani garin haƙar zinariya a yammacin ƙasar. Henry Scott, wanda ya jagoranci tawagar kurket ta 1886, ya zauna a garin Scone yana aikin likita har zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1910, aka kuwa sa wa asibitin garin sunansa. Abin lura a rayuwar mutanen nan biyu shi ne, bayan shaharar filin wasa, ƙananan garuruwa ne suka amfana da iliminsu.

Kafin zuwan Turawa, kula da lafiyar jiki da gwada ƙarfin jiki duka suna da masu su a ƙasar Hausa, kuma akwai zumunci tsakaninsu. Wanzami, ban da aski, shi ne mai yin ƙaho, wato zuƙe jini daga jiki da ƙahon dabba bayan an yi 'yan tsage, shi ne mai kaciya da cire beli da tsagar gado, kuma sana'arsa gado ce mai sarautarta. Maɗori yana haɗa karaya da karare da tsumma da addu'a, ungozoma tana yanke cibiya tana kula da mai jego, boka da 'yar mai ganye suna ba da saiwa da sassaƙe, malami kuma yana ba da rubutun sha. Kokowa da dambe, waɗanda ake yi da kaka bayan amfanin gona ya shiga rumbu, sun jingina da waɗannan mutane ƙwarai, tun da ɗan kokowa ba ya shiga fage sai da laya da guru da abin da aka jiƙa masa, in kuwa ya yi targaɗe ko ya karye, wurin maɗori za a kai shi. Bambancin wannan tsari da na Melbourne a fili yake: mai magani daban, ɗan wasa daban, ko da yake kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa, kuma babu wata makaranta ɗaya da take yaye su tare.

Makarantar da ta kawo wasannin Ingilishi Arewacin Nijeriya da gaske ita ce Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. Malamanta sun ɗauki filin wasa a matsayin wurin gyaran hali, suka koya wa ɗalibai kurket da ƙwallon ƙafa da wasan Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango mai kusurwoyi, wasan da asalinsa na makarantar Eton ne ta 'ya'yan manyan Ingila, kuma ana danganta shigowarsa Arewa da wani malamin makaranta mai suna Hogben a shekarun 1920. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya riƙe wasan har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana yinsa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da wasu garuruwa. A wajen makaranta kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓi ƙwallon dawaki, ɗansa Usman Nagogo ya shahara da ita har a ƙasashen waje, abin da bai zama da wuya ba ga masarautar da doki ya riga ya zama adonta.

Sai dai an kafa Kwalejin Katsina ne don ta horar da malaman makaranta Musulmi, waɗanda daga cikinsu hukumomin gargajiya, wato En'e, suka riƙa ɗibar magatakarda da hakimai da 'yan majalisa, ba a kuma tsara karatunta na farko don ya kai yaro jami'a ba, balle makarantar likita mai bukatar tushe mai ƙarfi a kimiyya. Wannan ba sakaci ba ne, manufa ce: hukumar mulkin mallaka tana son mutanen da za su tafiyar da mulkin sarakuna cikin ladabi, tana kuma ɗari-ɗari da irin 'yan bokon Ikko masu jarida da ƙorafi. Ƙari a kan haka, tun 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma bisa sharaɗin cewa Turawa kaɗai za su shiga, alhali kuwa Kudu ta riga ta fitar da Nathaniel King, wanda ya gama karatun likita a Edinburgh tun shekarun 1870. Ko makarantar likita ta Yaba da aka buɗe a 1930, mataimakan likita take yayewa, masu takardar da ba ta aiki sai a cikin Nijeriya. Sakamakon haka shi ne makarantar da ta fi kowace filin wasa a Arewa ta fitar da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiya Ahmadu Bello, amma ba ita ta fitar da likitan farko ba.

Likitan farko ya fito ne daga wata 'yar ƙaramar al'umma da ke gefe. Walter Miller, likita ne kuma ɗan mishan na ƙungiyar CMS ta cocin Ingila, yana cikin tawagar Bishop Tugwell da ta isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame ta, daga baya ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, a 1929. Miller mutum ne mai kaifin harshe wanda ya yi ta saɓani da sarakuna da jami'an Ingilishi baki ɗaya, kuma za a iya yi masa suka a kan abubuwa da dama, amma ya yi imani cewa yaron Hausa zai iya kowane irin karatu da yaron Landan zai iya, ya kuwa tsara makarantarsa a kan haka. Mabiyansa ba su da yawa, kuma wasu daga cikinsu sun fito ne daga zuriyar Isawa, masu ɗaukaka Annabi Isa, da suka zauna a Gimi, ƙauyen da ciwon barci ya ɗaiɗaita, abin da ya sa cuta da magani ba labari ba ne a wurinsu.

Daga wannan makaranta Russell Aliyu Barau Dikko ya fito. An haife shi a 1912, ya wuce King's College ta Ikko, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanta likitanci, ya dawo ya shiga aikin gwamnati a 1940, ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe cikakkiyar takardar likita. Tsakaninsa da Nathaniel King akwai fiye da shekara 60, kuma wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna nauyin manufar da aka ambata. Ya yi ta hawa matakan aiki a ma'aikatar lafiya ta Arewa har ya riƙe babban muƙami a sashen yaƙi da cututtukan da suka zaune wa ƙasa, irin su kuturta da ciwon barci, aikin da ba ya kawo suna, amma shi ne ya fi shafar talaka.

Mutum ɗaya tilo mai irin wannan ilimi a cikin miliyoyin jama'a ba shi da ranar Asabar tasa ta kansa, saboda haka fage na biyu da Barau Dikko ya shiga bai zama na wasa ba, ya zama na al'umma. A 1948 yana cikin waɗanda suka fara tara ma'aikata 'yan Arewa a Zariya da Kaduna don su tattauna halin da yankinsu yake ciki, taron da ya haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a babban taronta na Kaduna a 1949 shi aka zaɓa shugaba, tare da mutane irin su Abubakar Imam da Aminu Kano da Sa'adu Zungur a cikin tafiyar. Cewa ƙungiyar da kusan duk 'ya'yanta Musulmi ne ta ɗora Kirista a kan kujerar shugabanci abu ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi, musamman a wannan zamani da ake yawan ba da tarihin Arewa kamar dai ba a taɓa zama inuwa ɗaya ba. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, dokar aikin gwamnati ta hana ma'aikaci siyasa, sai ya zaɓi asibiti ya bar kujerar. Siyasar ta sake nemo shi a 1967, lokacin da shugaban ƙasa Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya naɗa shi kwamishinan tarayya na ma'adinai da lantarki, daga baya ya koma sufuri. Ya rasu a 1977, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Ishaya Audu, likitan yara da aka haifa a 1927, ya bi irin wannan hanya, domin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje a 1979.

A ɓangaren da Faransa ta mallaka, hanyar ta bambanta amma ta ɓulla wuri ɗaya. A 1905 aka kafa tsarin ba 'yan ƙasa magani kyauta a Afirka ta Yamma ta Faransa, wanda likitocin soja suke tafiyarwa, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likita ta Dakar ƙarƙashin Aristide Le Dantec. Wanda ta yaye ana kiransa mataimakin likita, daga baya aka koma ce masa likitan Afirka, kuma ko da ya fi shugabansa sanin aiki, matsayinsa yana ƙasa da na Bafaranshe mai digiri. Kafin yaro daga Nijar ya kai can, sai ya gama makarantar ƙauye da ta yanki, ya wuce Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, sannan ya ci jarrabawar makarantar William Ponty a Senegal. Ƙalilan ne suka kai, kuma sanannun cikinsu, irin su Diori Hamani da Boubou Hama da Djibo Bakary, malanta suka karanta. A nan ma siyasa ta janye masu ilimin, kamar yadda ta janye Félix Houphouët-Boigny, wanda ya gama makarantar Dakar a 1925 kafin ya zama shugaban Kwaddibuwa. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal, wato makarantar boko, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma ba a fara horar da likitoci a cikin ƙasar ba sai a 1974, da aka buɗe makarantar kimiyyar lafiya a Jami'ar Yamai.

Dakoro tana can ƙarshen wannan doguwar igiya. Sai a 1947 Faransawa suka mai da ita mazaunin hukuma, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, a yankin da noma yake ƙarewa kiwo ya fara, inda manoma Gobirawa da sauran Hausawan da suka hauro neman sabuwar gona suka haɗu da Fulani da Bororo da Buzaye. Kwarin Tarka ya ratsa yankin, dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta nan, kuma jama'ar Kornaka da Birnin Lalle da rugagen da ke bayansu a warwatse suke a fili mai faɗi, wasu ma ba sa kwana wata biyu a wuri ɗaya. Irin wannan ƙasa ita ce mafi wuyar sha'ani ga tsarin da ya dogara da asibiti a tsaye, ga shi kuma tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana a 1963 da cewa shi ne ɗamarar sanƙarau, inda cutar take tashi da rani ta lafa da saukar damina. Maganin zamani ya fara isa yawancin ƙauyuka ne ta hannun ayarin masu lamba da allura, waɗanda suke zuwa su wuce, mai ciwo mai tsanani kuwa sai a ɗauke shi zuwa Maraɗi, ko asibitin mishan na Galmi da aka buɗe a 1950, ko kuma Danja, inda aka kafa wurin jinyar kutare a 1956.

Rashin likita ne ya sa jihar Maraɗi ta gwada wata dabara a shekarun 1960, wadda ta cancanci yabo fiye da yadda ake yi mata. Ƙauye zai zaɓi mutum daga cikinsa a ba shi horo na 'yan kwanaki da akwatin magani, ya riƙa wanke gyambo, yana ɗiga maganin ciwon ido, yana ba da na zazzaɓi, yana tura abin da ya fi ƙarfinsa gaba, su kuma ungozomomi a koya musu tsabtar yankan cibiya a ba su kayan aiki. Hikimar tsarin ita ce bai kori tsofaffin masu sana'a ba, ya jawo su ne ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gwaji na Maraɗi cikin littafinta na 1975 a kan kiwon lafiya ta hannun jama'a, shekara uku kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da kiwon lafiya a matakin farko manufar duniya. Tsarin ya raunana daga baya saboda ƙarancin kulawa da yankewar magani, kuma ba a taɓa nufin ya maye gurbin likita ba, amma ya nuna cewa manomin da bai shiga lakwal ba zai iya riƙe amanar lafiyar ƙauyensa.

Ta fuskar wasa kuwa, Nijar ta ɗauki hanyar da ta saɓa wa ta Katsina, domin abin da hukuma ta ɗaukaka shi ne wasan da jama'a suka gada. A 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wadda zakaranta yake karɓar takobi, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara ɗaukarsa, fagen kokowa na Maraɗi kuwa sunansa aka sa masa. Zaɓen 'yan kokowa yana farawa daga ƙauyuka da gundumomi irin su Dakoro kafin a kai ga tawagar jiha, saboda haka matashin da ya yi suna a fage yawanci manomi ne ko mahauci ko makiyayi, wanda hanyarsa ba ta bi ta makarantar sakandare ba, balle ta jami'a.

Yunwar 2005 ta sake tona asirin ƙarancin ma'aikata, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Dakoro, kuma a 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ƙari a kan tiyatar haihuwa, matakin da ya ƙara yawan masu zuwa asibiti, ko da yake jinkirin biyan kuɗin daga baitulmali ya riƙa barin ɗakunan magani fayau. A shekarun da suka biyo baya ƙungiyar BEFEN, wadda likitoci 'yan Nijar suka kafa, ta yi aikin yara a gundumar tare da ƙungiyar ALIMA, wanda sauyi ne babba idan aka tuna cewa a da duk wani mai farar riga a yankin baƙo ne. Yanzu Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kimiyyar lafiya, yaron Dakoro zai iya zama likita ba tare da ya bar jiharsa ba, gundumar kuma tana da asibitinta da ƙananan cibiyoyin lafiya a manyan ƙauyuka. Matsalar da ta rage ita ce ta zama, domin yawancin likitocin ƙasar a Yamai da manyan birane suke, kuma wanda aka tura arewacin Tarka yakan nemi canjin wuri da zarar ya sami hali, saboda nisan hanya da ƙarancin kayan aiki da rashin makarantar da zai sa 'ya'yansa.